Kujera da rana, gado da dare: abin da za ka duba kafin ka biya kafinta

Idan kana zaune a Funtuwa ko Malumfashi, ka san baƙo ba ya sallama da wuri. Ƙarfe shida na yamma waya za ta yi ƙara: kawu ne daga Faskari, ya kawo mara lafiya babban asibiti. Ko ɗan'uwa ne ya kai masara kasuwar Dandume, ciniki ya ja shi har magariba. A da, mutum zai hau mota ya koma gida ko ƙarfe goma ne. Amma tun da matsalar tsaro ta addabi yankunan Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara, mutane da yawa sun daina tafiyar dare. Duk wanda rana ta faɗi masa a gari, sai ya nemi ɗakin wani nasa. Sau da yawa kuwa ɗakin naka ne, kai da kake haya ciki da falo.

An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, gaskiya ne. To amma dattijon da ya wuni a kan benci a asibiti, idan ka shimfiɗa masa tabarma a kan siminti cikin sanyin Disamba, fara'arka ba za ta hana bayansa ciwo ba. Shi ya sa kujerar nan da ake buɗewa ta zama gado take burge matasa, musamman yadda ake ta tallarta a TikTok da Instagram. Sai dai ka riƙe abu ɗaya: gado za ka saya wanda ake iya zama a kansa. Duk wanda ya zaɓe ta don kyan hoto kawai, baƙonsa ne zai biya kuɗin da jikinsa.

Fara da awon ɗaki

Kafin ka je wurin kafinta, ɗauki tef ka auna ɗakinka. Yawancin ɗakunan haya ba su wuce ƙafa 12 a tsawo da faɗi ba. Kujerar idan an buɗe ta tana bukatar tsawon ƙafa 6, faɗi kuma ƙafa 3 ga mutum ɗaya, ko 4 da rabi idan mutum biyu ne. Tambayi kanka: idan an buɗe ta, ƙofa za ta buɗu? Akwai wurin da baƙo zai shimfiɗa dadduma da asuba? Ka auna ƙofar ɗakin ma, domin ba ƙaramin abin kunya ba ne a sauke kaya daga a-kori-kura su ƙi shiga.

Iri uku ne aka fi gani. Akwai wadda ake kwantar da majinginarta ta miƙe, akwai wadda ake jawo rabinta daga ƙasa kamar durowa, akwai kuma mai ƙarafuna da sifirin da ke naɗe a ciki, wadda galibi daga waje ake shigo da ita. Ta ukun ta fi ɗaukar ido a bidiyo, amma ranar da ƙarfe ɗaya ya karye, samun irinsa sai ka dangana da Kano ko Kaduna. Biyun farko kuwa, kafintan unguwarku ko mai walda zai gyara maka cikin yini guda.

Katako, soso, yadi

Abin da yadi ya rufe shi ne ainihin kujera. Don haka idan bayarwa za ka yi a haɗa maka, ka leƙa shagon tun tana ƙashi, kafin a lulluɓe ta. Ka tabbatar busasshen katako ne mai ƙwari irin maɗaci. Ɗanyen katako yana lanƙwashewa da zarar iskar hunturu ta buge shi, sai ka ji kujera ta fara kuka duk lokacin da baƙo ya juya. Wuraren da ke buɗewa da rufewa kuma a ɗaure su da noti, domin ƙusa tana saki da yawan motsi.

A wurin soso aka fi cutar mai saye. Wanda ake zama a kansa na awa ɗaya daban, wanda za a kwana a kansa daban. Nemi mai nauyi, wanda kaurinsa bai gaza inci 5 ba. Danna shi da gwiwa: idan ka ji katako a ƙasa, ko ya daɗe bai dawo yadda yake ba, bar shi. Mafi sauƙi, ka je da kanka wurin dilan Vitafoam ko Mouka ka sayo soson ka kai wa kafinta, ka biya shi kuɗin aiki.

Sai yadi. Karan-miski yana da kyau a hoto, amma yana shan ƙura kamar me, kuma a zafin Maris da Afrilu baƙo ba zai runtsa a kansa ba. Leda kuma tana sa gumi, daga baya ta fara ɓarewa. Nemi yadi mai matsattsiyar saƙa. Ɗaga shi sama, idan haske na ratsa shi sosai ba zai yi ƙarko ba. Goga masa jiƙaƙƙen farin ƙyalle ka ga ko yana zuba. Launi kuwa, da irin jar ƙasarmu, ruwan toka ko ruwan ƙasa sun fi fari rufin asiri. Kada ka manta ka ce a sa wa rigunan zif, yadda za a cire a wanke.

Kuma don Allah ka kwanta a kanta kafin ka biya. Cire takalmi, miƙe a cikin shagon, juya hagu da dama na minti biyar. Idan tsagar tsakiya ta tokare maka baya, haka za ta yi wa kawu har asuba. Ke ma amaryar bayan kaka, idan ana lissafin kayan ɗaki, ki sa baki a mayar da mai cin mutum uku irin wannan. Saitin kujeru ya cika falo, amma gwaggo ta zo ta kwana a ƙasa, ina amfaninsa?

Kowane lokaci da kulawarsa

Da hunturu, ka riƙa kaɗe ta da buroshi mai laushi kafin ka sa mata ruwa, domin jiƙaƙƙen tsumma a kan ƙura laka yake zama ya shige cikin saƙa. Da damina, musamman a watan Agusta, janye ta daga bango kamar taƙi ɗaya don gudun danshi da fumfuna, ka riƙa fitar da soson ya sha rana. Kada baƙo ya kwanta ba zanin gado, idan da yaro a sa leda a ƙasan zanin. Shayi ko kunu ya zube, danna busasshen tsumma ya tsotse, kada ka dirje. Idan manja ne, barbaɗa sitaci ya shanye man, sannan ka bi da ɗan sabulun wanke-wanke. Maɗaurai kuma ɗigon man keke ya ishe su. Ka kafa ƙusa biyu a bango saboda gidan sauro, kada baƙo ya zo lafiya ya koma da zazzaɓi.

Inda ganganci ke kisa

Babban abokin gaban kujerar yadi shi ne kuɗin cizo. Idan ta hannu za ka saya, haska fitilar waya a cikin ɗinki da lungunan katako. Baƙaƙen ɗigo-ɗigo alamarsa ce. Yana iya yin watanni bai sha jini ba kuma bai mutu ba, ƙwansa kuma yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, shi ya sa wanki ɗaya ba ya gamawa da shi. Zafi ne maganinsa: wanke riguna da ruwan zafi sosai, bi ɗinki da dutsen guga, sannan ka maimaita bayan mako guda.

A nan ne mu 'yan yankin noma ya kamata mu yi hattara, domin maganin ƙwari a hannunmu yake. Wani zai ce ka yayyafa fiya-fiya ko Sniper. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da manyan kantuna saboda haɗarinsa ga mutane. Na gona ne, ba na wurin kwana ba. Wanda ya fi shi muni shi ne ƙwayar da ake jefawa a buhun masara ko wake. Tana fitar da iska mai guba da zarar ta ji danshi, kuma tana iya kashe wanda ya kwana a rufaffen ɗaki. Kada ka taɓa tura ta ƙarƙashin kujera. Haka kuma idan kaka ta yi, buhunan da aka sa wa wannan ƙwaya ba wurinsu ba ne falon da baƙo zai kwana, ko na dare ɗaya ne.

Idan kuɗinka bai kai na mai kyau ba a bana, ba dole. Sayi katifa mai kauri ta mutum ɗaya, ka ɗinka mata riga, ka jingine ta bayan labule, ka ci gaba da tari har kaka mai zuwa. Wanda ya baro ƙauyensu cikin fargaba, abin da yake nema a wurinka shi ne ya samu barci har gari ya waye.