Wuƙar Aljihu a Hannun Abokan Ango

A Amurka, idan saurayi zai yi aure, yakan zaɓi wasu daga cikin aminansa da 'yan'uwansa su tsaya masa ranar biki. Za su sa kwat iri ɗaya, su jera a gefensa lokacin ɗaurin aure. Mu nan abokan ango ne ke haɗa masa gudummawa, su raka shi ɗakin amarya, su yi sayen baki. Can kuwa, bayan kuɗin tafiya da na hayar kwat da suka kashe, al'ada ta ɗora wa ango ya ba kowannensu abin tunawa, galibi a walimar daren jajibirin biki. Wuƙar aljihu, wadda ake naɗewa ruwanta ya shige cikin mariƙinta, tana cikin kyaututtukan da aka fi bayarwa. Dalili kuwa a fili yake: ba ta tsufa da wuri, kuma kusan kullum mutum zai buƙaci yanke igiya ko buɗe kwali ko fere lemo.

Matsalar ango ita ce lissafi. Abokai shida, wuƙa shida. Duk dala 10 da ya ƙara a kan ɗaya ta zama dala 60, a daidai lokacin da kuɗin ɗakin taro da na abinci suka riga suka cinye aljihunsa. A nan ne da yawa ke faɗawa tarko: su ga wuƙa mai ƙyalli, mai zanen kan barewa ko mikiya, cikin akwatin katako, an ce za a rubuta sunan kowa kyauta, farashinta kuma ba ya kai na kwanon abinci biyu. Akwatin da zanen su ne suka cinye kuɗin. Ƙarfen ne aka yi wa rowa.

Abu biyu ne ke sa wuƙa ta zama wuƙa: ƙarfen ruwanta, da abin da ke riƙe ruwan idan an buɗe shi.

A ƙarfe akwai gida biyu. Na farko shi ne baƙin ƙarfe mai yawan kabon, ɗan'uwan wanda maƙeranmu ke ƙera wuƙar fawa da aska da shi. Yana ɗaukar kaifi sosai, kuma in ya dakushe, 'yan goge-goge a kan dutsen wasa wuƙa sun isa su dawo da shi. Aibinsa tsatsa. A yanka lemon tsami da shi a bar shi jiƙe, kafin gari ya waye ya yi baƙi, in aka daɗe ya yi ja. Na biyu shi ne ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda wani Baturen Ingila mai suna Harry Brearley ya samar a Sheffield a 1913. Sirrinsa sinadarin kuromiyam ne, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, wanda ke yi wa fuskar ƙarfen wata siririyar riga da ido ba ya gani, ta hana iska da danshi cin sa. Ga wanda zai ba mutum shida wuƙa, bai san wane ne zai kula da ita ba, wane ne zai jefa ta a aljihun mota ya manta, wannan na biyun ya fi dacewa. Ni a nan nake tsayawa, ko da yake na fi jin daɗin yanka da baƙin ƙarfe.

Amma sunan ƙarfe kaɗai ba ya wadatarwa. Duk maƙeri ya san cewa ƙarfe sai an gasa shi ya yi ja, an tsoma shi a ruwa ko mai ya yi tauri, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya zama mai karyewa kamar gilashi. Wannan aikin ido ba ya ganinsa a shago, shi ya sa masu ƙera wuƙar arha suke fara tsallake shi. Sakamakon shi ne wuƙar da za ta yanka takarda ranar biki, ta kasa yanka igiya bayan wata guda. Abin da mutum ke saya idan ya je wa tsohon kamfani shi ne tabbacin cewa an yi wannan gashin yadda ya kamata.

Biyu daga cikin irin waɗannan kamfanonin ba su da tsada, kuma wannan shi ne abin da ya kamata kowane ango mai ƙaramin ƙarfi ya sani. Opinel, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a yankin Savoie na Faransa a 1890, ba ta da komai sai ruwa ɗaya da mariƙin katako. Mai lamba 8, wadda aka fi saya, tsawon ruwanta santimita 8.5 ne, kuma ana samun ta da baƙin ƙarfe ko da wanda ba ya tsatsa. Ɗayan kuma Victorinox ne, kamfanin da Karl Elsener ya kafa a Ibach ta ƙasar Suwizalan a 1884, mai jar wuƙar nan da duniya ta sani da wuƙar sojan Suwizalan. Ƙaramarta, mai suna Classic, tsawonta milimita 58 ne kacal, tana ɗauke da ɗan ruwa, da almakashi, da abin gyaran farce, da matsefata, da tsinken sakace. Ana rataya ta a jikin makullai. Wanda bai saba yawo da wuƙa ba, wannan ce kawai za ta bi shi ko'ina.

Sai batun abin da ke riƙe ruwan, wanda shi ne ke tsakanin kaifi da yatsun mutum. A wuƙar Victorinox ta gargajiya sifirin ne kawai ke danne ruwan. In ka tura shi da ƙarfi ta baya, zai naɗe. Ba laifi ba ne ga wanda ya san ana yanka da ita ne, ba a suka. Opinel kuwa tun 1955 aka sa mata wani zoben ƙarfe a wuya, sai a murɗa shi ya tare ruwan. Akwai kuma irin Buck 110 ta Amurka, wadda ta fito a 1964, mai sakata a bayanta da ke faɗawa cikin wani gurbi ta kulle ruwan kam, sai an danna ta sannan ta saki. Wuƙar mafarauta ce, nauyinta kusan giram 200, kuɗinta ya ninka na waɗancan, kuma ba ta zama a aljihun kwat. Wadda ya kamata a guje wa ita ce mai arha da ke alfahari da sakata: sakatar da ke zamewa ta fi rashin sakata haɗari, domin mai ita ya riga ya saki jiki.

Sakata tana da wata fuska kuma, ta doka. A Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya yi yawo da wuƙa mai naɗewa wadda ruwanta bai wuce inci 3 ba, matuƙar ba ta kullewa. In ta wuce haka ko tana da sakata, sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Opinel mai lamba 8 ta faɗi a ɓangarorin biyu. A Amurka kowace jiha da tata ƙa'idar, kuma tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 ba a shiga jirgin sama can da wuƙa a jakar hannu, komai ƙanƙantarta. Abokin da ya zo biki daga nesa da jakar goyo kawai, za a karɓe kyautarsa a filin jirgi washegari. Ango mai lura zai aika masa tasa gida.

Rubuta suna kuwa ya isa a tsaya a harafi biyu ko uku da ranar bikin. Mariƙin katako yana karɓar rubutu da kyau kuma da araha. A sayi iri ɗaya ga kowa. In babban aboki zai sami fifiko, ɗan kuben fata ya wadatar.

Akwai wani tsohon camfi a Turai da Amurka cewa kyautar wuƙa tana yanke zumunci. Maganinsa a wurinsu shi ne wanda aka ba ya mayar wa mai bayarwa da ɗan kwabo, abin ya koma ciniki. Saboda haka wasu angwaye sukan manna kwabo ɗaya a cikin kowane kwali, abokin ya buɗe, ya ɗauki wuƙarsa, ya ɓanɓare kwabon ya miƙa wa ango a gaban sauran.