Injin Daddatsa Kara: Yadda Ake Haɗa Shi da Fa'idarsa ga Mai Lambu

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu bayan an kammala yankan shinkafa, ya kuma kai dubansa ga fadamar gulbin Rima, ba zai rasa ganin hayaƙi yana tashi nan da can ba, domin kuwa al'adar manoma da yawa ce, da zarar an sussuke shinkafa an ɗure ta a buhu, sai a tara karan da ya rage a cinna masa wuta, don a share fili da wuri kafin shukar rani. Tun daga watan Nuwamba na shekarar 2015, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance ta hannun Babban Bankin Nijeriya, noman shinkafa ya ƙara bunƙasa a jihar Kebbi, masana'antun casa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu suka buɗe wa manomi kasuwa. To amma gwargwadon yadda shinkafa ta ƙaru, haka karanta ya ƙaru, haka kuma abin da ake ƙonewa. Wannan kuwa, idan aka yi masa duban basira, wani nau'i ne na almubazzaranci, wanda shari'a ta yi hani da shi, hankali ma bai yarda da shi ba.

Dalili shi ne, ƙasar lambu a wannan yanki namu babbar abokiyar gabarta ita ce rana. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, ruwan da mai lambu ya sayi fetur ya jawo da injin ban-ruwa da safe, kafin la'asar wani kaso nasa ya bi iska, fuskar ƙasa ta bushe ta yi ɓawo. Amma idan aka lulluɓe gindin shuka da busasshen kara, sai ya tsare danshi, ya rage wa saiwa zafi, ya hana haki samun hasken da zai tsiro, sa'an nan daga ƙarshe ya ruɓe ya koma taki. Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin manoman Jamhuriyar Nijar sun daɗe suna shimfiɗa karan gero a kan faƙo, sai gara ta zo cinsa ta huda ƙasar da ƙananan ramuka, ruwan sama ya sami hanyar shiga, wurin da aka fid da rai da shi ya sake karɓar shuka. Masana na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, sun yi bincike mai yawa a kan wannan al'amari. Inda gizo ke saƙa shi ne, dogon kara ba ya kwanciya sosai a cikin fangalin albasa ko tattasai, iskar hunturu tana kwashe shi, ga shi da jinkirin ruɓewa, daddatsa shi da adda kuwa aiki ne da zai cinye wa magidanci yini bai cika ƙwarya goma ba. A nan ne buƙatar inji ta taso.

Ba sai an yi odar wannan inji daga ƙasashen waje ba, domin duk mai waldar da ya iya gyaran injin niƙa zai iya haɗa shi. Da farko a sami duro mai kauri irin mai cin lita 200, a kwantar da shi bisa ƙafafu huɗu na ƙarfe mai ƙwari, a ratsa tsakiyarsa da miƙaƙƙiyar sandar ƙarfe mai kaurin kamar inci ɗaya, wadda za ta fito ta kowane ɓangare ta zauna a kan boris biyu da aka ɗaure a jikin ƙafafun, ba a jikin duron ba. A kan sandar nan ake kafa wuƙaƙe, kuma mafificin ƙarfen da maƙera suka sani don wannan aiki shi ne tsohon sifirin ɗin mota, saboda yana riƙe kaifi. A yanka su tsawo ɗaya, a ɗora su bisa sikeli har nauyinsu ya zo daidai, a jera su biyu biyu kowace tana fuskantar 'yar'uwarta, a kuma ɗaure su da noti maimakon a like su da walda, don a iya kwance su a wasa. Wannan sharaɗi na daidaita nauyi shi ne ginshiƙin aikin duka, gama wuƙar da ta ɗara 'yar'uwarta ko da kaɗan ne, idan sanda ta ɗauki gudu, sai inji ya yi ta jijjiga har ya cinye boris ko ya tsinke noti. Ya kamata kuma a ƙara wa duron faranti mai kauri daidai inda wuƙaƙen suke zagayawa, domin ko wata ta karye kada ta huda shi ta fito.

Bayan haka a yanka baki a saman duron, a haɗa masa mazurari wanda tsawonsa ya zarce tsawon hannun babban mutum, a kafa wani tsayayyen ƙarfe a gindinsa inda kara zai tokara wuƙa ta datse shi. A ƙasa kuma a buɗe mafita, a gitta mata sandunan ƙarfe da tazarar yatsu biyu zuwa uku, ta yadda guntun da bai kai ƙanƙantar da ake so ba zai koma ya sake shan sara. Abin da zai juya sandar kuwa shi ne ƙaramin injin fetur irin na markaɗe, mai ƙarfin doki 5.5 ko 6.5, wanda yake juyawa kusan sau 3,600 a minti ɗaya. Tun da yake wannan gudu ya yi wa aikin yawa, sai a sa wa injin ƙaramin fuli, a sa wa sandar wanda ya ninka shi faɗi, a haɗa su da bel, gudun ya ragu da rabi, ƙarfin juyin kuma ya ninka.

Wajibi ne a yi tsokaci a kan hatsari, domin abin da yake datse karan dawa ba ya tantance kara da yatsa. Kada a tura kaya da hannu, sai da sanda. Kada a tsaya gaban inji da babbar riga ko rawani ko gyale, kuma a yi wa bel murfi. A tsince duwatsu da waya daga cikin karan. Idan ya cushe, a kashe shi a zare wayar fulogi tukuna. A kare ido da hanci daga ƙura, a kuma nisantar da yara. Rigakafi dai ya fi magani.

Game da amfani da abin da aka daddatsa, a shimfiɗa shi bayan shuka ta kama, kaurin yatsu uku zuwa huɗu, a bar 'yar tazara tsakaninsa da jikin shukar don kada danshi ya ruɓar da ita. Kada a binne ɗanyen kara cikin ƙasa ana gab da shuka, domin ƙwayoyin halittar da suke ruɓar da shi sukan janye sinadarin da ke sa ganye kore, sai shuka ta yi rawaya; wanda yake son ya binne, to ya gauraya shi da kashin shanu ko na awaki, ya jiƙa shi ya bar shi ya ruɓe tukuna. Ganyen da cuta ta kama, da hakin da ya riga ya zuba 'ya'ya, ba su shiga wannan aiki. Harawar wake da ta gyaɗa kuwa haƙƙin dabbobi ne, ba a lulluɓe ƙasa da su. Hasali ma karan dawa da aka daddatsa shanu sun fi cinye shi ba tare da ɓarna ba, saboda haka injin nan yana yi wa makiyayi hidima kamar yadda yake yi wa mai lambu.

Wanda kuɗin haɗa shi ya fi ƙarfinsa, sai ya haɗa kai da maƙwabtansa na fadama, su yi karo-karo su mallaki guda, ana zagayawa da shi bisa amalanke, ko wani matashi ya mai da shi sana'a yana daddatsa wa jama'a ana biyansa. Ɗalibai da malaman sashen injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi su ma suna da rawar da za su taka, wajen fitar da tsari amintacce wanda masu walda za su riƙa bi. Allah Ya ba mu ikon tattalin ni'imar da Ya hore mana, Ya kuma sa albarka a cikin sana'o'inmu, amin.