Masu Ɗinke Fasassun Ƙwayoyin Sola

A masana'antar farantan sola, ƙwayar da ta tsage ko gefenta ya ɓalle ba ta shiga layi. Ture ta ake yi gefe, a tara, a sayar da araha. A kan wannan rara aka kafa wata ƙaramar sana'a, ta masu zama da ƙarfen narka dalma da mita da gilashi suna haɗa faranti da hannu, ƙwaya bayan ƙwaya.

Abin da ya sa sana'ar ta yiwu shi ne ɓallen ƙwaya ba matacce ba ne. Ƙwayar silikon, babba ko ƙarama, kimanin rabin bolt take bayarwa a rana. Idan aka raba ta biyu, kowane rabi zai ci gaba da ba da rabin bolt ɗinsa, yawan wutar da ke gudana ne kawai zai ragu daidai da faɗin da aka rage. Saboda haka wanda ya jera ɓalle 36 a layi ɗaya zai samu kusan bolt 18, abin da ake buƙata don cajin batir mai bolt 12, ko da kowane ɓalle bai wuce faɗin yatsu uku ba. Goma sha biyu sun isa cajin waya.

Cikin waɗanda suka yaɗa wannan aiki a ƙasashe masu tasowa akwai Richard Komp, masanin kimiyya daga jihar Maine ta Amurka. Ya yi aiki da ƙungiyar Grupo Fenix, wadda aka kafa a 1996 a jami'ar injiniya ta birnin Managua a Nikaragua, kuma cikin waɗanda suka koyi haɗa faranti a arewacin ƙasar har da mutanen da nakiyoyin yaƙin shekarun 1980 suka nakasa. Daga baya dabarar ta iso Mali, inda wani matashi, Daniel Dembele, ya buɗe kamfanin Afriq-Power a Bamako. Fim ɗin Burning in the Sun na 2010 ya nuna yadda ya kai farantansa ƙauyen Banko.

Mai kallo zai ɗauka liƙi da dalma ne ƙashin bayan aikin, amma gwani ya fi daɗewa wajen tantancewa. Kafin ya taɓa ƙarfe sai ya fita rana da mita, ya auna kowane ɓalle, ya ware su tsibi-tsibi gwargwadon wutar da suke bayarwa. Jerin ƙwayoyi kamar ayari ne, tafiyar raƙumin da ya fi rauni ita ce tafiyar kowa. Ɓalle ɗaya mai ƙaramin ƙarfi a cikin 36 zai ja sauran 35 ƙasa, kuma shi da kansa zai riƙa ɗaukar zafi har ya ƙone. Farantin gida zai iya lalacewa a wannan mataki, tun ba a liƙa ko waya ɗaya ba.

Sai liƙin. Kaurin ƙwaya bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, numfashi mai ƙarfi ma sai ka ji tsoron yi a kanta. Ana shafa maganin liƙi a kan farin layin azurfar da ke fuskarta, a ɗora siririyar waya mai faɗi ta jan ƙarfe wadda aka riga aka shafe da dalma, a ja ƙarfe mai zafi a kai sau ɗaya, ba tsayawa. Wayar da ta fito daga fuskar wannan ƙwaya ita ke shiga bayan ta gaba. In hannu ya yi nauyi ƙwayar ta tsage, in ya yi sauri liƙin bai kama ba, kuma liƙin da bai kama ba ya iya ɓoye kansa: yau mita za ta nuna komai lafiya, sai bayan wata shida na zafin rana da sanyin dare ya saki.

Inda hannu ya fi shan wahala a gaban inji shi ne rufi. Masana'anta tana sa ƙwayoyin tsakanin ledar EVA biyu, ta zuƙe iska, ta gasa a zafin da ya kai digiri 140 zuwa 150 har ledar ta narke ta manne da gilashi. Shi ya sa take iya ba da garantin shekara 25. Mai aikin hannu ba shi da wannan inji. Wasu akwatin katako suke yi su rufe da gilashin taga, kuma a ganina wannan asarar ƙwayoyi ce kawai, domin damina ɗaya ta isa raɓa ta taru a ciki, wayoyi su yi tsatsa. Su Komp ruwan gam na silikon mai haske suka riƙa zubawa su binne ƙwayoyin a ciki. Ko a nan akwai tarko: gam ɗin masu gilashi na kasuwa, mai warin tsami, yana cin ƙarfen liƙin a hankali. Gilashin ma ba ɗaya ba ne. Na taga, mai kore-kore a gefe, yana tare wani kaso na haske, ga saurin fashewa.

To, shin da gaske ya fi araha? A zamanin da aka fara, ƙwarai kuwa. A 1977 wat ɗaya na ƙwayar sola ya kai dala 76. Amma zuwa 2024 farashin wat ɗaya na cikakken faranti a bakin masana'antun China ya sauko ƙasa da santi 15, kuma China ke yin fiye da kashi 80 cikin ɗari na kayan sola a duniya. Wanda zai sayi gilashi da firam na alminiyam da waya da gam ɗaiɗai don ya haɗa faranti mai wat 300, ya riga ya faɗi tun kafin ya kunna ƙarfensa. Duk mai cewa akasin haka bai sa ladan aikinsa a lissafi ba.

Abin da ya rage wa sana'ar shi ne ƙananan abubuwa da gyara, kuma ba kaɗan ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, rufin shaguna da gidaje a Kano da Kaduna da Sakkwato ya cika da farantai, sababbi da 'yan gwanjo, wasu ma ƙarfin da aka rubuta a bayansu ya fi wanda ke cikinsu. Wanda ya taɓa haɗa faranti da hannunsa ya san inda zai duba. Ya san lambar da ke baya a zafin digiri 25 aka auna ta, kuma kowane digiri sama da haka yana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari, don haka farantin da aka kwantar a kan kwano a watan Afrilu, ba iska a ƙarƙashinsa, zai iya rasa kashi 14 ko fiye. Zai ce a ɗaga shi, a fuskantar da shi kudu, a karkata shi kaɗan yadda ruwa zai zube, a riƙa goge ƙurar hunturu da safe kafin gilashin ya yi zafi.

Sau da yawa kuma farantin da aka kawo masa da cewa ya mutu, ƙwayoyinsa lafiya lau suke. Yakan buɗe baƙin akwatin da ke baya ya tarar dayod ɗaya ya ƙone, ko waya ta saki daga liƙinta. Ya canza, ya liƙa, ya toshe bakin akwatin da gam, ya fitar da shi rana ya ɗora mita a gaban mai shi kafin a yi maganar kuɗi.