Ko Kun Sani? Ɓargon da Kan Juya wa Mai Masaukinsa Baya

Wajibi ne iyayen masu cutar sikila a Gwandu da Kalgo, waɗanda suka ji labarin dashen ɓargo tun da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya fara shi a Nijeriya a 2011, su sani cewa ɓargon yakan zo da rundunarsa ta ƙwayoyin garkuwa, waɗanda idan suka ɗauki jikin majinyaci abokin gaba, sai su aika wa juna saƙonnin sinadarai, irin su IL-6 da TNF, su far wa fata da hanta da hanji. Shi ya sa likitoci ke fifita ɓargon shaƙiƙi, alhali kuwa damar dacewa tsakanin shaƙiƙai biyu ɗaya ce cikin huɗu.