Yaron da ya kasa zama ba ɗan ruwa ba ne, a kai shi gashin ƙashi da wuri

A nan Suleja, kamar yadda yake a Sabon Ibadan ko Agege, idan yaro ya shekara bai zauna ba, wuyansa na langaɓewa, sai ka ji ana raɗa wai ɗan ruwa ne. Daga nan sai hayaƙi da rubutu, wata ya bi wata, lokaci na wucewa.

Jama'a, galibi abin daga ƙwaƙwalwa yake. Doguwar naƙuda da ta sa jariri bai yi kuka da wuri ba, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, duk suna iya taɓa sashen da ke sarrafa motsi.

Ga abin lura: jariri kan riƙe wuyansa wajen wata 4, ya zauna da kansa zuwa wata 9, ya taka kafin wata 18. In ya wuce haka, ko hannu ɗaya kullum a dunƙule, ko ƙafafu na sanƙarewa suna harɗewa, a kai shi asibiti.

Ma'aikatan iri biyu ne. Likitan gashin ƙashi, wato fisiyo, shi ke miƙar da gaɓoɓi, ya koya wa yaro zama, rarrafe da tsayuwa. Na biyun yana koya masa hidimar kansa: riƙe cokali, sa riga, kama alƙalami. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne, don babu karaya, jan ƙafa da ƙarfi ma illa yake ƙarawa.

Mu na Suleja, asibitin koyarwa na Gwagwalada da Asibitin Ƙasa na Abuja suna kusa. 'Yan'uwa na Kudu kuna da asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, da na Inugu, da UCH a Ibadan. A Kano akwai na Dala.

Gaskiya gashi ba ya goge raunin da ƙwaƙwalwa ta samu, amma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro na saurin koyon sabuwar hanya, shi ya sa sammako ya fi. Kuma rabin aikin a gida yake: abin da aka nuna wa uwa, ta riƙa maimaita shi kullum.

Maigida, kuɗin mota da rakiya naka ne, kar ka bar wa uwar yaro ita kaɗai. Allah Ya ba yaranmu lafiya.