Haƙƙin Ma'aikatan Ceto Da Iyalansu A Kan Masallacin Unguwa

 

Duk mazaunin Adjamé ya san jiniyar motocin 'yan kwana-kwana, waɗanda a nan Abijan muke kira pompiye, domin barikinsu na Indénié a bakin unguwarmu yake. Sojoji ne, an kafa rundunarsu ta GSPM a 1974, kuma su ake kira a lamba 180 idan gobara ta tashi a kasuwa, ko gbaka ta kife, ko ruwan watan Yuni ya ci gida. Mu ba su hanya, mu yi wa wanda suka ɗauko addu'a, shi ke nan. Ba mu cika tambayar halin da shi mai ɗaukowar yake komawa gida da shi ba.

A daren 1 ga Janairun 2013, fiye da mutum 60 suka rasu a turmutsutsu kusa da filin wasa na Félix Houphouët-Boigny, kuma akwai yara da yawa a cikinsu. Ranar 13 ga Maris 2016 aka kai harin Grand-Bassam. Hannuwan mutane ne suka ɗaga waɗannan gawawwaki. Cikin masu irin wannan aiki akwai pompiye da direbobin motar asibiti da 'yan sanda da jandarma da ma'aikatan sashen gaggawa na CHU ɗin Treichville, kuma wasunsu kafaɗa da kafaɗa muke tsayawa da su a sahu.

Wani daga cikinsu ya taɓa tsayar da mu bayan sallar isha'i, sai da masallaci ya watse. Ya ce: "Malam, tun da na fito da wata yarinya daga gobara ta cika a hannuna, ba na iya cin gasasshen nama, kuma in na yi kabbara fuskarta nake gani. Imanina ne ya tafi?" Mun kusa ce masa ya yi haƙuri, ƙaddara ce. Maganar gaskiya ce, amma ya san ta tun yana makarantar allo, kuma da mun faɗe ta a lokacin da ya ɗauka kora ce.

Abin da ke damunsa likitoci sun san shi. Mutum ya ga abin firgici, sai abin ya riƙa dawo masa a mafarki da a farke, barci ya ƙaurace, ƙaramin motsi ya razana shi, ya guji wurin da abin ya faru, ya zama mai saurin fushi ko ya yi shiru kamar ba shi a gidan. Likitocin Amurka sun ba ciwon suna a 1980, bayan abin da suka gani ga sojojin da suka dawo daga Biyetnam. Yawancin mutane abin yakan lafa musu cikin 'yan makonni. Wanda ya wuce masa wata guda yana hana shi aiki da zaman gida, wannan yana buƙatar magani.

Ɗalibai su lura, wannan ilimi ba baƙo ba ne a gidanmu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934 Miladiyya, ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya yi bayanin tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan rai da ake yi wa magani kamar na jiki. Har ya rarrabe baƙin cikin da aka san sababinsa, wanda magana da nasiha ke warkarwa, da wanda tushensa a jiki yake, wanda sai an haɗa da magani. Kafin shi kuma, Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, alhali babu wanda ya kai shi yarda da hukuncin Allah. To ta yaya za mu ce wa bawan Allah rashin barcinsa raunin imani ne?

Aikin liman na farko shi ne saurare, kuma shi ya fi wuya gare mu, domin mun saba mu ke magana. Kada a matsa masa ya ba da labarin dalla-dalla. Abin da ya faɗa kuwa amana ce. Soja ne, yana tsoron a ce ya karaya, ko magana ta kai kunnen na gaba da shi. In ya ji labarinsa a huɗubar Juma'a, ko da ba a ambaci suna ba, ba zai sake zuwa ba, abokan aikinsa ma ba za su zo ba.

Sai tambayoyin da likita ba zai amsa masa ba. Mafi yawansu a kan salla ne: jiniya ta kaɗa ana shirin la'asar, bai dawo ba sai bayan magariba, kayansa duk jini. Malaman fiƙihu sun ce mai salla da ya hangi makaho zai faɗa rijiya wajibi ne ya yanke sallar ya cece shi. Ceton rai ne ake gabatarwa, sannan ya rama da zarar ya samu dama, ya wanke najasa ko ya sauya tufafi. Ranar Khandaƙ ma la'asar ta kuɓuce wa Annabi (SAW) sai bayan faɗuwar rana ya sallace ta. Wannan rangwame na lokacin ceto ne, ba na zaman hira a bariki ba. Haka azumi: idan ceton ba zai yiwu ba sai ya sha ruwa, ya sha ya rama.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce: "Da na iso da wuri fa?" Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai yi sakaci ba, babu zunubi a kansa, ajali ba a hannunsa yake ba. A tuna masa aya ta 32 a Suratul Ma'ida, wadda ta daidaita raya rai guda da raya mutane duka, kuma lada yana bin niyya da ƙoƙari. A gaya masa hadisai sun lissafa wanda ruwa ya ci da wanda gini ya faɗa wa da wanda ya ƙone cikin masu samun ladan shahada. Mutumin nan da ya tsayar da mu, da ya ji wannan game da yarinyar, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya yi kuka.

A gida kuwa matar ce ke ɗauke da kayan. Duk jiniyar da ta ji gabanta ya faɗi, in ya dawo kuma ya tsawata wa yara a kan abin da bai kai ya kawo ba, ta zaci ya daina son ta. Malamanmu mata na islamiyya su suka fi dacewa su yi mata bayanin cewa ciwo ne. Amma a fahimce mu: ciwo ba ya halatta duka ko zagi, in abin ya kai nan magabata su shiga. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, Annabi (SAW) ya yi umarni a dafa wa iyalansa abinci saboda abin da ya shagaltar da su. Gidan da maigida ya kwana biyu a wurin ambaliya ya cancanci kwanon tuwo daga maƙwabta, ko Musulmi ne ko Kirista.

Liman ya san iyakarsa. Ruƙiyya da azkar ɗin barci alheri ne, muna horo da su, amma ba su hana zuwa asibiti, kuma mun gaji da ganin ana ɗora wa aljanu abin da ido ya gani. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a cibiyar INSP nan cikin Adjamé, akwai kuma asibitin Bingerville. Wanda ya fara neman barci da giya ko ƙwaya a raka shi. Wanda ya ce gara ya mutu ya huta, ba a jira gobe: a zauna tare da shi, a nisantar da makami, a kai shi wurin likita a ranar.

Muna ba kwamitocin masallatan Adjamé da Treichville shawara su san waɗanda ke wannan aiki a cikin jama'arsu. Idan babban hatsari ya faru, mutum biyu su je gidan bayan kwana biyu ko uku, su gaisa, su tambayi barcinsa da cin abincinsa, su tambayi uwargida abin da ake buƙata. In bai yi magana ba a ranar, a sha shayi a tashi, a koma mako mai zuwa.