Asabar a Kasuwar Kurmi

Ranar Juma'a da daddare motarmu ta shigo Kano daga Katsina, cike da magoya baya da ganguna da tutoci. Wasanmu da Kano Pillars sai Lahadi da yamma, don haka Asabar ta zama tamu. Wasu suka kwanta rama barcin hanya, wasu suka nufi Kantin Kwari sayen atamfa. Ni cikin birni na nufa. Na sha zuwa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, amma daga mota sai fili, daga fili sai mota, ban taɓa sa ƙafa a Kurmi ba.

Kusa da filin wasan akwai marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Na tarar da wani dattijo a tsugune bakin rami, yana tsoma ƙyalle cikin ruwan baba da toka, ya ɗago, ya bar iska ta buge shi, ya sake tsomawa. Ƙyallen kan fito da ɗan kore-kore, sai a gaban idonka ya riƙa juyewa shuɗi. Ramukan da aka daina aiki da su sun fi masu aiki yawa. Ban daɗe ba na tari Adaidaita Sahu zuwa Jakara.

Ba a shiga Kurmi da gaggawa. Lungunanta matsattsu ne, wani ma in mai kura ya taho sai ka raɓe jikin rumfa. Hanci ke fara gaya maka inda kake: nan ƙamshin turaren wuta da sandal, gaba kaɗan kimba da kanumfari da masoro, sai kuma warin fata da ta sha bagaruwa a majema. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kasuwar ke ci a wannan wuri, kuma kowace sana'a da layinta. A da, nan ayarin raƙuma ke sauke gishirin Bilma da hajar Gadamus da Tarabulus, fatake su kawo goron Gwanja, a ɗauki baƙin yadi da jar fata a yi arewa da su. Fatar nan ta jar akuya ce Turawa suka riƙa kira fatar Maroko, don ta can take biyowa kafin ta isa gare su. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano ke kaiwa har Tambutu.

Yau babban ciniki ya bar nan. Yadi yana Kwari, hatsi yana Dawanau, kayan masarufi suna Singa. Abin da ya rage wa Kurmi shi ne abin da inji bai iya ba tukuna, kuma a layin masu kayan doki na fi ganin haka. Sirdi a jere, linzami da ragama a rataye, likkafa, jalala mai aikin zare ja da ruwan ɗorawa. Wani baduku na zaune a kan buzu, ya ɗora fata a gwiwa, yana huda da basilla yana jan zare da hannu biyu. Ko kallon ɗinkin ba ya yi, amma tazarar kowane huji daidai take da ta ɗan'uwansa.

Na yi sallama, na ce, "Baba, sannu da aiki." Ya amsa, ya dubi rigar ƙungiyar da ke jikina ya ce, "Ɗana, ku ne baƙin gobe? To, sai Masu Gida." Ya matsa mini na zauna. Ya ce shekararsu da hawan Sallah ake auna ta. Tun kafin azumi hakimai da 'ya'yan sarki ke aiko da aiki saboda Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, wasu daga Zazzau, wasu daga Daura, har daga Damagaram. A 2020 da korona ta hana hawa, ya ce, sirdi ya yi ƙura a rataye. 'Ya'yansa maza duk sun iya ɗinkin, amma ɗaya ne kawai ya zauna a rumfar, sauran suna sayar da waya. Ban ga laifinsu ba. Takalmin roba na waje ya fi nasa araha, kuma mu ɗin nan da ke yabon aikin hannu shi muke saye. Wannan ya tsaya mini a rai, domin kowa a Kano na alfahari da hawan Sallah, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2024, amma ba kasafai ake tuna hannun da ke ɗinka abin da ake hawa a kai ba.

Na ɗauki wani takalmin fata ja, na tambayi kuɗi. Ya faɗa, na taya. "Albarka," in ji shi, ya ci gaba da ɗinki kamar ba na wurin. Na ƙara. "Haba ɗana, ko kuɗin fata bai fito ba." Maƙwabcinsa mai hula ya sa baki, ya ce a duba baƙo. Muka yi ta ja har ya ajiye basilla ya ce, "Na sallama, Allah ya sa albarka." Bai miƙo mini nan take ba. Sai da ya sa na gwada, ya ga maɗaurin na dama ya ɗan matse, ya kwance shi ya sake ɗinkewa, bai ƙara ko sisi ba.

Da aka kira azahar, rumfuna suka zama ba kowa, an gitta sanda ko an yafa ƙyalle a kan haja an tafi masallaci. Na bi sahu. Daga nan na ratsa layin masu littattafai, inda allo da tawada da Ishiriniya ke jibge, na sayi kwalli da turaren tsuguno na gida, na fito ta wajen Jakara rana ta yi sanyi.

Washegari da takalmin na shiga filin wasa. Wani Bakano da ke kusa da ni, sanye da rigar Pillars, ya duƙa ya dube shi ya ce, "Malam, wannan aikin Kurmi ne."